Taya da Turɓaya: Tarihin Sufurin Karkara a Ƙasar Kankiya da Kusada

An fi ba da tarihin sufuri a tsakiyar ƙasar Katsina ta fuskar manyan hanyoyi da motocin da suka bi ta kansu, alhali kuwa abin da yake tabbatar da fitowar kaya daga ƙauye zuwa kasuwa shi ne ɗan abin da yake taɓa ƙasa, wato kofaton dabba a zamanin da, da tayar mota a wannan zamani. Girman tayar da direbobin akori-kura, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya, suka saba zaɓa a yankin Kankiya da Kusada ya samo asali ne daga abubuwa uku da suka yi ta jan akalarsa tsawon shekaru: yanayin ƙasar da ake takawa, da nauyin kayan da ake ɗorawa, da kuma irin tayar da kasuwa take iya kawowa, mai faci kuma yake iya gyarawa. Duk lokacin da ɗaya daga cikin ukun nan ya sauya, sai zaɓin ma ya sauya.

Garin Kankiya yana kan babbar hanyar da ta haɗa Kano da Katsina, kimanin kilomita 60 daga birnin Katsina, kuma yana ɗaya daga cikin hedikwatocin ƙananan hukumomi bakwai da jihar Katsina ta fara da su lokacin da aka cire ta daga jihar Kaduna a ranar 23 ga Satumba, 1987, ita kuwa Kusada sai a 1996 ta samu tata ƙaramar hukumar. Dukansu gundumomi ne na masarautar Katsina, inda hakimin Kankiya yake riƙe da sarautar Kankiyan Katsina, na Kusada kuma yake riƙe da ta Bebejin Katsina. Da zarar an sauka daga kwalta aka nufi ƙauyukan da ke kewaye da Rimaye, ko Kafinsoli, ko Mawashi, sai a tarar ƙasar ta kasu gida uku: akwai jigawa, wato ƙasa mai rairayi wadda take nutsar da ƙafa da rani, akwai fadama, wato kwari mai laka wanda yake zama taɓo daga watan Yuni zuwa Satumba, akwai kuma tudun marmara, wato jan dutse mai kaifi wanda da shi ake yin hanyar burji. A kan waɗannan duka akwai ƙayar aduwa da ta bagaruwa da farar ƙaya, ga kuma tushiyar dawa da ta gero da ake bari a gona bayan girbi.

Kafin zuwan mota, wannan yanki mashigi ne na fatake. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya ratsa ta Kusada a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano, inda ya isa a farkon watan Fabrairu na 1851 bayan tafiyar 'yan kwanaki, abin da yake nuna cewa a wancan zamani garin yana kan turbar da ayari yake bi tsakanin manyan biranen biyu. Jaki da takarkari da raƙumi su ne abin ɗaukar kaya, kuma madugu, wato shugaban ayari, yana auna tafiyarsa ne da nisan da ke tsakanin zango da zango, da inda za a sami ruwa, da kuma lokacin da koramu za su janye. Turbar dabba ba ta bukatar faɗi ko shimfiɗa, domin jaki yana kauce wa rami da kansa, yana kuma ratsa rairayin da zai kafe mota. Da yawa daga cikin hanyoyin da akori-kura take bi yau tsakanin ƙauyuka waɗannan turbobin ne aka faɗaɗa, ba tare da an sauya ƙasar da ke ƙarƙashinsu ba.

Abin da ya kawo mota shi ne gyaɗa. Bayan Turawan Ingila sun shigo Katsina a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru cinikin gyaɗa ya bunƙasa har ya fito da manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Layin dogo bai bi ta birnin Katsina ba, domin reshen da ya taso daga Zariya ya bi ne ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, saboda haka gyaɗar tsakiyar ƙasar Katsina ba ta da mafita sai ta hanyar ƙasa zuwa Kano, audugar kudancin ƙasar Katsina kuma ta nufi injinan gurza na Funtuwa da Malumfashi. Wannan ne ya ɗaga darajar hanyar da ta ratsa Kankiya, da kuma mararrabar Yashe, inda hanyar Funtuwa take haɗuwa da ta Kano. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, hukumar En'e, wato gwamnatin gargajiya da Turawa suke mulki ta hannunta, ita ce take share hanyoyin gundumomi ta hannun hakimai da dagatai, sau da yawa da aikin tilas, kuma mafi yawansu hanyoyin rani ne waɗanda damina take yankewa.

Tayar da ta fara taka waɗannan hanyoyi ɗiyar ƙirƙira biyu ce. Ta farko ita ce dabarar dafa roba da farar wuta don ta yi ƙarfi, ta daina narkewa da zafi, wadda Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844. Ta biyu ita ce tayar da ake hura wa iska, wadda John Boyd Dunlop ya fitar a 1888. Tayoyin wancan zamani masu saƙar gicciye ne, wato an jera shimfiɗun zare a cikin robar, kowace shimfiɗa tana gicciye ta ƙarƙashinta, tun daga baki ɗaya na tayar har zuwa ɗayan, abin da yake sa gefenta ya yi kauri da tauri kusan daidai da bayanta. Ana auna ƙarfinta da yawan shimfiɗun, kuma ko da aka sami zare mai ƙarfi aka rage yawansu, ba a daina rubuta lamba irin 8PR ko 12PR a jikinta ba, domin nuna cewa ƙarfinta ya yi daidai da na shimfiɗa takwas ko goma sha biyu na tsohon aiki.

Motar da ta kafa mizanin tayar karkara ita ce Land Rover, wadda ta fito a Ingila a 1948, ta kuma zama abin hawan jami'an mulki da malaman gona da malaman dabbobi da na asibiti masu zagaya gundumomi. Doguwar cikinta tana ɗaukar taya mai lamba 7.50-16, ma'ana faɗin tayar inci bakwai da rabi ne, wilin ƙarfen da take zaune a kai kuma inci goma sha shida. Tsayinta gaba ɗaya yakan kai kimanin milimita 810. Siririya ce doguwa, kuma wannan siffa ta dace da ƙasar ta fuskoki da dama. Tsayin yana ɗaga cikin motar sama da kunyar rairayin da manyan motocin gyaɗa suke bari a tsakiyar hanya, siranta tana sa ta zauna cikin sawun da aka riga aka yi maimakon ta riƙa hawa gefensa, idan kuma aka shiga taɓon da bai yi zurfi ba sai ta yanka shi ta sami busasshiyar ƙasa a ƙarƙashi. Kaurin gefenta kuma yana jure tushiya da kaifin marmara. Illarta ita ce tauri a kan gargada, da saurin ɗaukar zafi idan aka yi gudu da ita a kan kwalta.

Tare da wannan taya sana'ar faci ta kafu a bakin tasha da mararraba. Tayar tana da tub a ciki, wato jakar robar da take riƙe iskar, kuma da yawa daga cikin wilolin masu zobe ne, wato bakinsu ɗaya yana cirewa, don haka liba biyu da guduma sun isa a kwance ta a ko'ina. Mai faci yakan zaro tub ɗin ya ɗan hura masa iska, ya nutsa shi cikin ruwa a rabin ganga yana juyawa har sai ya ga inda kumfa take fitowa, ya soka tsinke a wurin don kada ya ɓace masa, sa'an nan ya shanya shi, ya kankare wurin, ya shafa sholisho, ya ɗora ɗanyar roba, ya matse su a ƙarƙashin tsohon fistin mota da aka zuba wa kananzir aka kunna, har zafin ya haɗe robobin biyu. Kafin ya mayar, sai ya shafa tafin hannunsa a cikin tayar yana laluben ƙayar da ta yi ɓarnar, domin idan ta rage a ciki aikin ya zama na banza. Haɗarin sana'ar yana wajen hura iska, domin zoben da bai zauna daidai ba yana iya fizgewa da ƙarfin da zai kashe mutum, shi ya sa gwanaye suke kifa wilin ko su ja da baya. Wannan sauƙin gyara ya taimaka wajen daɗewar lambar 7.50-16, wadda har yau ake ganinta a ƙafar motar kaya ƙirar Kanta da wasu motocin Land Cruiser.

Bayan Najeriya ta sami 'yancin kai a 1960, taya ta zama kayan gida. A farkon shekarun 1960 kamfanin Michelin ya kafa masana'anta a Fatakwal, Dunlop kuma ya kafa tasa a Ikeja, suna amfani da robar da ake tatsa a dazuzzukan kudancin ƙasar, wanda hakan ya sa lambobin da ake bukata suka wadata a hannun diloli na Kano da Kaduna. A 1975 kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a Kaduna, kuma akori-kurar Peugeot, wato Fijo, ƙirar 404 da 504, ta zama motar ranar kasuwa, tana kwaso buhuna da awaki da fasinja daga ƙauyuka zuwa manyan kasuwanni irin ta Charanchi da ke ci ranar Lahadi. Ƙafafunta na baya kaɗai suke ja, don haka direbanta ya dogara ne da nauyin lodi a kan aksil na baya, da sanin hanya, da kuma fasinjojin da za su sauka su tura idan ta kafe. A wannan zamani ne kuma tayar radiyal ta yaɗu, wadda Michelin ya yi wa rajista a Faransa a 1946. A cikinta zaren yana tafiya kai tsaye daga baki zuwa baki, an kuma yi mata ɗamarar waya a ƙarƙashin zanenta. Ta fi daɗewa, ta fi sanyi a kan kwalta, ta fi rage shan mai, amma gefenta ya fi laushi, kuma nan ne tushiya take samun ta. Harafin R da ke tsakiyar lambar taya alamarta ce.

Shekarar 1986 ta zo da abubuwa biyu masu karo da juna. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI domin samar da hanyoyin karkara, aka buɗe sababbin hanyoyin burji a jihohi, amma a shekarar ce kuma aka fara shirin gyaran tattalin arziki na SAP, wanda ya karya darajar naira, ya kuma sa sabuwar mota da sabuwar taya suka fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Daga nan kasuwar gwanjo ta buɗe, tsofaffin motoci da tayoyin da aka cire a Turai suka riƙa sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wasu su biyo ta Maraɗi su shigo ta iyakar Jibiya. Masana'antun gida sun ci gaba da fama da tsadar wutar lantarki da gogayyar kayan waje, har rage kuɗin fito a kan tayoyin da ake shigowa da su ya ƙarasa su: Michelin ya rufe masana'antarsa a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008. Tun daga lokacin, sabuwar tayar da ake sayarwa a ƙasar daga waje take zuwa, akasari daga Sin da sauran ƙasashen Asiya. Sakamakon haka a karkara shi ne direba ya daina tambayar lambar da ta dace da motarsa, ya koma tambayar wadda aka samu, har ana ganin mota ɗaya da tayoyi masu tsayi daban-daban a aksil guda.

Motar da ta gaji Fijo da Land Rover ita ce Toyota Hilux, wadda Japan ta fara ƙerawa a 1968, kuma da ita sabon tsarin rubuta lamba ya zama ruwan dare. Tsofaffin ƙirarta masu jan ƙafa huɗu sukan zo da 205R16C, sababbi kuma da 265/65R17. A wannan ta biyu, 265 faɗin tayar ne da milimita, 65 tana nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, wato kimanin milimita 172, sa'an nan 17 faɗin wili ne da inci. Idan aka haɗa gefe biyu da wili, tsayin tayar ya kama kimanin milimita 776. Ta farkon kuwa tsayinta kimanin milimita 734 ne, harafin C kuma yana nuna an yi ta ne domin motar kaya. Akwai tsari na uku da ya fito daga Amurka, irin 31x10.50R15, wanda yake faɗin tsayi da faɗi da wili duka da inci. Darasin da ke cikin wannan lissafi shi ne babban wili ba ya nufin doguwar taya: 265/70R16 da 265/65R17 tsayinsu kusan ɗaya ne, sai dai ta farko ta fi yawan roba tsakanin ƙasa da ƙarfe, wanda shi ne abin da hanyar burji take bukata, domin gajeren gefe yana sa rami ya daki wili kai tsaye ya lanƙwasa shi.

Ƙara tsayin taya yana da riba, amma ribar ba ta kai yadda ake zato ba, kuma tana da farashi. Wanda ya cire 205R16C ya sa 7.50R16 ya ƙara kusan milimita 76 a tsayin taya, amma rabin wannan kawai, wato abin da bai kai santimita huɗu ba, shi ne ƙarin tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa. A ɗaya ɓangaren, kowane juyi na tayar ya ƙaru da kusan kashi goma cikin ɗari, don haka agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da ake yi, ƙarfin jan motar a kowace giya zai ragu da kusan wannan gwargwado, kuloci zai riƙa shan wahala wajen tashi da lodi a cikin rairayi, birki kuma zai bukaci ƙarin tazara. Tayar da ta wuce kima tana gugar madigadi idan aka karya sitiyari ko sifirin ya kwanta da kaya. Faɗaɗa taya kuwa, wanda masu motocin birni suke sha'awa, yana ƙara nauyi da shan mai, abin da ya zama babban lissafi tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. A cikin rairayin jigawa, abin da yake fitar da mota shi ne rage iska domin sawun tayar ya ƙara tsawo, sa'an nan a mayar da iskar kafin a hau kwalta, kuma doguwar taya mai yalwar gefe ita ce ta fi ba da damar yin hakan.

Akwai wasu lambobi biyu da tarihin gwanjo ya sa suka fi girman tayar muhimmanci. Ta farko ita ce lambar nauyi da ke bin bayan lambar girma: 100 tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 800, 112 kuma kilo 1,120. Akori-kura irin Hilux an yi ta ne domin kayan da ba su wuce kimanin tan ɗaya ba, wato buhu goma na hatsi mai kilo ɗari-ɗari, amma lodin kaka yakan zarce haka nesa, makanikai kuma su ƙara ganyen sifirin don bodi ya daina zama, ba tare da an ƙara wa tayar komai ba. Taya mai ƙarancin iska da nauyin da ya fi ƙarfinta, a kan kwaltar bazara lokacin da zafi yake kai wa digiri 40, tana dahuwa ne daga ciki har ta fashe. Ta biyu ita ce ranar ƙira, wadda tun daga shekarar 2000 ake rubutawa da alƙaluma huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 take nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin cewa kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, domin roba tana bushewa ko da zanenta bai suɗe ba. Cikin gwanjon Turai kuma akwai tayoyin hunturu da aka yi da roba mai laushi saboda ƙanƙara, waɗanda kyan zanensu yake yaudarar mai saye amma zafin ƙasar Hausa yake cinye su da wuri.

Tayar da ta gama aiki a mota ba ta fita daga tattalin arzikin karkara, domin tsohon aksil da tayoyinsa su ne ƙafafun amalanken shanu mai kai taki gona ya dawo da amfani, tub ɗin kuma ana yanka shi a ɗinka guga ko a yi robar ɗaurin kaya. Wannan ya sa lambar da ta yawaita a yanki take daɗa yawaita, tunda mai ita yana da tabbacin samun safaya a kusa, da mai gyara, da mai saye idan ta tsufa.

Idan aka haɗa wannan tarihi wuri ɗaya, ƙa'idar da take fitowa ita ce lambar da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ita ce mafari, kuma ba a kauce mata sai da dalili daga ƙasa ko daga kaya. Mai aiki tsakanin ƙauyukan Kankiya da Kusada, wanda rabin tafiyarsa burji ne da rairayi, ya fi cin riba da wili mai inci 16, da taya mai dogon gefe wadda faɗinta bai wuce kima ba, mai zanen da ya dace da kwalta da ƙasa duka, mai lambar nauyin da ta kai lodinsa na gaskiya, kuma wadda za a iya samun irinta a Kankiya ko Yashe ba sai an je Kano ba. Ƙafafu huɗu da safaya su zama lamba ɗaya, musamman a mota mai jan ƙafa huɗu, inda bambancin tsayi yake cin giyoyin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Ranar da kwalta ta kai ƙauyukan da ba ta kai ba, ko aka sake kafa masana'antar taya a cikin ƙasa, wannan lissafi zai sake sauyawa kamar yadda ya sauya a 1975 da 1986.